Daga 350,000 zuwa 420,000: yadda ɗan yayata ya yi cinikin albashi da wani sabon kamfanin POS

A farkon shekarar 2024 wani ƙaramin kamfanin fasahar kuɗi da ke Legas ya fitar da tallan neman mutum ɗaya da zai riƙe masa harkar wakilai a Kano da jihohin da ke maƙwabtaka da ita. Kamfanin yana raba na'urar POS ga masu shaguna da masu zama ƙarƙashin lema, yana samun la'ada a kan kowane ciniki. Ma'aikatansa ba su kai arba'in ba, kuma babu ɗaya cikinsu da ke jin Hausa. Ba zan ambaci sunansa ba. Wanda ya nemi aikin ɗan yayata ne, ya karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Bayero, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya yi shekara biyu a wani ƙaramin bankin al'umma yana karɓar naira 150,000 a wata. Ina tare da shi tun daga kiran farko har ranar da ya sa hannu, na kuma rubuta wannan ne da saninsa, domin yaranmu da yawa suna shiga irin wannan ɗaki ba tare da kowa ya faɗa musu abin da za su tarar ba.

Lokacin da abin ya faru yana da muhimmanci. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya sa har mai sayar da kayan miya ya koyi karɓar tiransifa, kuma manyan kamfanoni irin su Moniepoint da OPay da PalmPay sun riga sun mamaye kasuwannin Kano. Duk ƙaramin kamfanin da ke son ya samu wurin tsayawa dole ya nemi wanda ya san su wa ake gaisarwa a Singa da Kantin Kwari da Dawanau kafin a yi maganar na'ura. A ɗaya ɓangaren kuma, kuɗin masu zuba jari daga waje ya ja baya ƙwarai. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, an saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yuni, dalar da ake samu a wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,400 kafin ƙarshen Fabrairun 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100. Wato kamfanin yana matuƙar buƙatar irin yaron, amma aljihunsa ba shi da nauyi. Shi kuwa yaron rabin wannan hoton kawai yake gani: cewa shi ne mai nema.

Kiran farko

Wata ma'aikaciyar ɗaukar aiki ce ta kira shi a waya, hirar ba ta wuce minti ashirin ba. Can wajen ƙarshe ta tambaye shi nawa yake karɓa a inda yake, ya faɗa mata gaskiya, 150,000. Ta sake tambaya nawa yake sa ran a ba shi. Ya ce duk abin da kamfani ya ga ya dace, shi dai burinsa ya koyi aiki.

Da ya zo yana ba ni labari cikin farin ciki, wannan wurin na tsaya a kai. Ba na zarginsa. Haka aka tarbiyyantar da mu: yaro ba ya yanka wa babba farashin kansa, kuma wanda ya fara maganar kuɗi kafin a ba shi aiki ana yi masa kallon makwaɗaici. A gida wannan tarbiyya ado ce. Amma matar da ke ɗaya ƙarshen wayar ba kunya ta ji ba, lamba ta rubuta. Daga wannan lokaci duk tayin da za a yi masa za a auna shi da 150,000 ne, ba da nauyin aikin ba. Saboda irin wannan illa ce birnin New York a 2017 da jihar Kalifoniya a 2018 suka haramta wa masu ɗaukar aiki tambayar tsohon albashi. A nan gida ana yin tambayar kai tsaye, saboda haka kare kai ya rage ga mai nema. Amsar da ta fi ita ce a ce cikin ladabi: aikin da nake yi yanzu daban ne da wannan, ina so in ji abin da kuka ware wa wannan kujera. Kusan kowane kamfani yana da iyakar ƙasa da ta sama da ya riga ya tsayar kafin ya fitar da talla.

Mataki na biyu aikin gida ne. An ce ya rubuta tsarin yadda zai samo wakilai 200 a Kano cikin wata uku. Ya zauna ya zuba duk abin da ya sani, har da sunayen shugabannin layuka a kasuwanni da lambobin wayarsu. Kafin ya tura na ce ya cire sunayen da lambobin. Tsarin ya isa ya nuna ya iya aikin. Sunayen kuwa su ne jarinsa, ya tara su ne da ƙafarsa da mutuncin gidansu, kuma mutanen ba su ba shi izinin raba lambobinsu ba. Idan ya miƙa su kyauta a matakin gwaji, to me ya rage da za a biya shi saboda shi? Ya rubuta a ƙasan takardar cewa yana da alaƙa da shugabanni a kasuwanni huɗu, zai kuma gabatar da su idan an fara aiki.

Ganawa da mai kamfani

Ta bidiyo aka yi, a Google Meet. Saboda gudun ɗaukewar wuta ya tafi shagon wani abokinsa mai sola, ya jingina wayar da kwalin firinta, ya sa hula da farar shadda. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin ne ya gana da shi, matashi ne da bai girme shi da yawa ba. Mutumin ya yi tambayoyi masu kyau, kuma a nan yaron ya haskaka. Da aka tambaye shi me ke sa mai POS ya ajiye na'urar wani kamfani ya ɗauki ta wani, bai yi maganar la'ada ba. Ya ce babban abin shi ne ranar da aka cire kuɗi a asusun kwastoma amma na'ura ta ce ciniki bai shiga ba. Kwastoma yana tsaye yana huci, maƙwabta sun taru, mai POS ya kira lambar kamfani an ɗauka da Turancin Legas ko ba a ɗauka ba sam. Ya ce duk kamfanin da zai sa mai jin Hausa ya ɗaga waya a wannan minti, ya kuma dawo da kuɗin da wuri, shi zai riƙe wakili ko da la'adarsa ta fi ta kowa ƙanƙanta. Mai kamfanin ya yi shiru yana rubutu.

Da aka ba shi damar tambaya, ya yi guda uku da muka shirya. Kuɗin da ke hannun kamfani zai kai shi wata nawa idan ba a samu sabon jari ba? An ce masa kimanin wata goma sha huɗu. An taɓa jinkirta albashi? An ce sau ɗaya, na mako biyu. Kamfanin yana ba da bashi da ruwa, kuma idan yana yi, shin tallata bashin yana cikin aikinsa? An ce akwai shirin fara bai wa wakilai rance nan gaba, amma wani sashe ne daban zai riƙe. Wannan tambaya ta uku tasa ce, ba ni na ba shi ba, kuma ita ce ta fi damun mahaifiyarsa. Na ji daɗin yadda mai kamfanin bai ɓoye komai ba. Wanda ya fusata don an tambaye shi ko zai iya biyan albashi, ya riga ya ba da amsa.

Takardar tayi

Bayan kwana kaɗan imel ya iso. Naira 350,000 a wata. Yaron ya kira ni muryarsa na rawa: "Kawu, sun ninka min har da ɗori." Mahaifiyarsa ta yi guɗa, ta ce ya sa hannu a daren kafin su canja shawara. Na roƙe su a ba ni dare ɗaya mu karanta takardar layi-layi.

Abu na farko, 350,000 ɗin jimilla ce kafin a cire komai. Na biyu, akwai lokacin gwaji na wata shida, kuma a cikinsa ba ma'aikaci ba ne, ɗan kwangila ne: ba fansho, ba inshorar lafiya, ana iya sallamarsa da sanarwar mako ɗaya. Na uku, 100,000 daga cikin kuɗin ba tabbas ba ne, sai ya cika adadin wakilan da aka ɗora masa a kowane wata. Na huɗu, babu maganar kuɗin mai ko na waya, alhali aikin yawo ne daga Kano zuwa Wudil zuwa Bichi zuwa Kazaure. Na biyar, akwai alkawarin hannun jari guda 20,000.

Muka ɗauki biro. A wata shidan kwangila, idan ya cika adadin, za a cire masa harajin kashi 5 cikin 100 da ake riƙewa daga kuɗin ɗan kwangila, ya tashi da 332,500. Ranar da aka tabbatar da shi ma'aikaci kuwa lissafi zai canja. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, kamfanin da ya ɗauke shi ya ƙara kashi 10. Kashi 8 na 350,000 naira 28,000 ne. Harajin albashi a tsarin wancan lokaci, mai hawa daga kashi 7 zuwa 24, zai ci kimanin 41,000. Abin da zai shiga asusunsa wajen 280,000 ne. Wato ranar da ake taya shi murnar tabbatarwa, kuɗin hannunsa zai ragu da fiye da 50,000. Idan kuma wata ya zo bai cika adadi ba, 250,000 ce jimillar kafin a cire komai. Sai a ɗebe man babur, wanda lita a lokacin ta haura naira 600, da data, da katin kiran wakilai ɗari biyu. Da muka kai ƙarshen shafin, ninkin da aka yi wa guɗa ya koma ƙari mai ɗan dama.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, shi ya sa na nace a kan takarda. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a ma'anar da ta ba wa "ma'aikaci", ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru da na fasaha. Mai irin kujerar da yaron ke nema ba zai dogara da wannan doka ba idan rigima ta tashi. Abin da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta fara dubawa shi ne abin da ya sa wa hannu. Duk alkawarin da aka yi a bidiyo cikin murmushi, in bai shiga takarda ba, samunsa sai an yi da gaske.

Maganar hannun jari

Wannan ce ta fi ruɗa shi, domin 20,000 lamba ce mai cika ido. Na ce ya tura tambayoyi a rubuce. Amsoshin da suka dawo su ne suka fayyace lamarin. Ba hannun jari ake ba shi ba, damar saye ce a kan wani farashi da aka tsayar da dala. Ba kamfanin Legas ba ne mai hannun jarin, uwar kamfanin ce da aka yi wa rajista a jihar Delaware ta Amurka, kamar yadda yawancin irin waɗannan kamfanoni suke yi don masu zuba jari su yarda da su. Damar tana nuna ne, wato tana zama tasa, a hankali cikin shekara huɗu, kuma idan ya bar aiki ko aka sallame shi kafin ya cika shekara ɗaya, ko ƙwaya ba zai samu ba. Idan ya tafi bayan haka, kwana 90 gare shi ya biya kuɗin saye ko damar ta faɗi. Jimillar hannun jarin kamfanin miliyan 10 ne, saboda haka rabonsa kashi 0.2 cikin 100, kuma zai ƙara tsukewa duk lokacin da sabon mai jari ya shigo.

Ba na cewa abin banza ne. A watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wani kamfanin fasahar kuɗi na Najeriya, a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200, kuma wannan labari ne ke sa matasa da yawa karɓar ƙaramin albashi da fatan gobe. Amma a cikin irin waɗannan sababbin kamfanoni, a 2023 kaɗai Lazerpay ya rufe, 54gene da ya tara miliyoyin daloli ya rufe, Dash na Ghana ya rufe. Duk wanda ya riƙe takardar hannun jarinsu, takarda ya riƙe. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Matsayar da muka ɗauka ita ce zai karɓi damar da godiya, amma ba zai bari a rage masa ko sisi daga albashi saboda ita ba. Shi kuma ya ƙara da cewa idan kamfanin ya shiga ba da bashi da ruwa, sai ya tambayi malamai kafin ya sayi ko ɗaya. Tunda saye ba dole ba ne, wannan bai hana komai ba.

Mayar da amsa

Nan ne aka yi gumi, kuma ba da kamfanin ba, a cikin gida. Yayata ta kira ni gefe ta ce: "Kai dai kada ka sa yaron nan ya yi biyu babu. Mutane nawa ke yawo da takardu ba aiki?" Tsoronta gaskiya ne, ban raina shi ba. Na ce mata: "Yaya, mutanen nan sun tace masu nema, sun ɓata makonni, sun zaɓe shi. Ba za su janye don ya yi tambaya cikin ladabi ba. In kuwa suka janye saboda haka, Allah ne ya raba shi da wahala." Ta ce to, a yi istihara. Aka yi.

Wasiƙar da ya tura gajera ce. Ya fara da godiya, ya ce yana son aikin kuma a shirye yake ya fara. Bai ambaci tsadar rayuwa ko hidimar gida ba, domin kamfani ba ya biyan mutum saboda buƙatarsa, yana biyansa ne saboda abin da zai kawo. Ya tuna musu abin da ya faɗa a ganawa, cewa shi zai zama muryar kamfanin a jihohin da ba su da kowa. Sannan ya jera abin da yake nema a wuri ɗaya, bai riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya ba, don kada a ga kamar ba ya ƙoshi. Ya nemi 480,000 tsayayye, ba tare da an rataya wani ɓangare a kan adadin wakilai ba. Ya nemi a ɗauke shi ma'aikaci tun ranar farko, gwaji ya zama wata uku. Ya nemi kamfani ya riƙa biyan mai da data daban bisa rasit. Ya kuma nemi a rubuta cewa za a sake duba albashin bayan wata shida saboda yadda naira ke zubewa.

Kwana biyu ba amsa. Yaron bai ci abincin kirki ba. A rana ta uku mai kamfanin da kansa ya kira. Ya ce 480,000 ta fi abin da suke biyan wanda ke riƙe da irin wannan aiki a Ibadan, ba zai iya ba, amma zai ƙara hannun jari zuwa 30,000 a bar albashi a 380,000. Yaron ya ce ya gode, sai dai hannun jari ba ya sayen mai, ya fi son a bar shi a 20,000 a gyara albashin. Sai ya yi shiru, bai cike shirun da ba da haƙuri ba, wanda shi ne abin da muka fi yin atisaye a kai. Mutumin ya ce 420,000, iyakarsa ke nan.

A kan haka aka tsaya: 420,000 tsayayye, wanda bayan fansho da haraji ya kama wajen 333,000 a hannu. Tukuicin cika adadi ya koma ƙari a sama, 1,000 a kan kowane wakili da ya yi wata uku yana aiki. Ma'aikaci tun ranar farko, da fansho da inshorar lafiya, gwaji wata uku, sanarwar wata ɗaya ga kowane ɓangare. Mai da data bisa rasit, amma da iyakar 60,000 a wata. Sake duba albashi sun yarda a rubuta "za a duba", sun ƙi rubuta "za a ƙara". Ya nemi a ɗaure wani ɓangare da farashin dala tunda jarinsu da dala ya shigo, suka ƙi ƙememe, suka ce kuɗin shigarsu da naira ne. A nan hujjarsu ta fi tasa, ya bar maganar.

Abin da ya biyo baya

Cikin duk abin da ya samu, raba albashi da adadin wakilai ne ya fi cetonsa, kuma ba wanda ya hango dalilin. A watan Mayun 2024 Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ce dole kowane mai POS ya yi rajista da ita kafin 7 ga Yuli, daga baya aka ɗaga zuwa 5 ga Satumba. Masu shirin karɓar na'ura suka ja da baya, wasu suna tsoron haraji ne zai biyo, wasu ba su da kuɗin rajista. Wata uku cur yaron yana yawo yana taya tsofaffin wakilai cike fom maimakon samo sababbi. Da takardar farko ya sa wa hannu, da 250,000 zai riƙa karɓa a watannin da ya fi kowane lokaci shan rana.

Iyakar kuɗin mai kuwa ta cije shi. A watan Satumba lita ta kusa 900, a Oktoba ta haura 1,000, kuma 60,000 ta daina kaiwa ƙarshen wata, ya riƙa cikawa daga aljihunsa. Da a ce an rubuta iyakar da adadin lita maimakon naira, da bai shiga wannan ba. Zaman duba albashi bai zo a wata na shida ba, sai da ya tura imel biyu yana haɗawa da hoton sakin layin da ke cikin takardarsa. A wata na takwas aka zauna, aka ƙara masa kashi 10 cikin 100, aka ɗaga kuɗin mai zuwa 90,000. Ya cika shekara, kashi ɗaya cikin huɗu na damar hannun jarinsa ta nuna, guda 5,000, bai sayi ko ɗaya ba tukuna. Da kamfanin ya tashi ɗaukar mutum biyu da za su yi aiki ƙarƙashinsa a Katsina da Dutse, shi aka sa ya yi musu intabiyu, ya kuma nemi izinin a rubuta iyakar albashin a jikin tallan, aka amince masa.